Wane suna za mu ba wa sefsis?

1/ Jama'a, ku taya ni neman suna. Ciwon da likitoci ke kira sefsis, mai kwantar da jariri cikin kwana 28 na farko, har yau ba shi da sunan da uwa za ta ji ta gane.

2/ "Gubar jini" aka fi ji, ni kuwa bai kwanta mini ba. Ka ce wa mai jego guba, hankalinta ya tafi kan wanda ya sa wa ɗanta hannu, alhali ƙwayar cuta ce ta shiga, ta cibiya ko wajen haihuwa. "Ciwon jini" ya yi faɗi, har sikila sai ta ce nata ne.

3/ Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta ruɓa. To amma jinin bai ruɓe ba. Cuta ce ke shiga, garkuwar jiki ta tashi faɗa, faɗan ya wuce gona da iri har ya illata huhu da ƙoda. A kan haka likitoci suka sabunta ma'anarta a 2016.

Zaɓina "mamayar cuta". Gwada a bakinka: cuta ta mamaye shi. Wadda ta bayyana cikin awa 72 da haihuwa mamayar wuri, ta bayan nan mamayar baya.

4/ Alaƙar bitamin D da wannan ciwo ce ta jawo maganar. Wani ya ce a kira shi "sinadarin rana", tunda fata ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Sunan da daɗi, sai dai ina tsoron a shanya ɗanyen jariri a rana saboda shi. Nasa daga uwa yake samu tun yana ciki. A bar shi bitamin D. Kuma don Allah a daina "matakin bitamin", ba bene muke hawa ba. A ce yawansa a jini, ko ƙarancinsa.

5/ Bincike ya sha gano ƙarancinsa a jariran da cuta ta mamaye, kuma bitamin ɗin yana taimaka wa jiki haɗa sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Duk da haka "suna tafiya tare" za mu rubuta, "shi ke haddasa ta" bai tabbata ba.

Jaririn da ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, numfashinsa ya kai 60 a minti, asibiti za a nufa da shi nan take, ba neman bitamin ba.

Wa ke da sunan da ya fi "mamaya" kama baki?