Taba gari a fada: wa ya samu ya bar ta?

Mai kabu-kabu, Tawa: Salamu alaikum jama'a. A fadarmu ta hira da shan shayi samari da yawa sun ajiye sigari sun koma taba gari. Wai ba hayaƙi, ba wari a riga, tsoho ba ya ganewa, ga araha. Ni ma aikin dare ya sa na kama ta, don korar barci. Ranar farko jiri ya kwashe ni, ga zufa ga amai, ana dafa shayi ana yi mini dariya. Yanzu in ban sa ba, ko fasinja ya yi mini magana faɗa nake ji. Wa ya samu ya bari?

Inna daga Madawa: Ɗana, mu mun tashi muna ganin ta. Mata su goga fure da goro haƙora su yi ja, maza su daka ganyen da kanwa. Amma da can sai dattawa. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, wuri guda yake cusa ta, ƙasan leɓe ta hagu. Dasashin wurin ya janye har gindin haƙori ya fito, ruwan randa ma ba ya iya kurɓa da safe. Kuma wai maganin ciwon haƙori ya fara ta!

Ma'aikaciyar jinya, Yamai: Inna, kanwar nan ita ce matsalar. Ita da toka suna sa nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, ya ratsa fatar baki da sauri, shi ya sa take saurin kama mutum. Rashin hayaƙi bai wanke ta ba: an gano aƙalla sinadarai 28 masu haddasa kansa a cikinta, kuma tana jawo kansar baki, ta maƙoshi da ta wata gaɓar ciki da ake kira pankiriyas. Mai ciki kuwa in tana sa ta, tana iya haihuwar bakwaini. Ƙanena, ɗaga leɓenka gaban madubi. In ka ga farin tabo da ba ya goguwa, ko gyambon da ya wuce sati 2 bai warke ba, ka zo likita. Akasari ba ya zafi da farko, shi ya sa mutane suke zuwa mana a makare.

Malamin lakwal: Na kama ɗalibi da ita a aji, cikin ƙullin leda, leɓe ya kumbura yana ta tofar da yawu ta taga. A Nijar muna da dokar yaƙi da taba tun 2006, amma mai tebur a kasuwa ya taɓa tambayar yaro shekarunsa?

Tela: Ni azumi ya taimake ni. Tunda na iya yini ba ita, sai na riƙe asuwaki da citta bayan shan ruwa. Makon farko kai kamar zai tsage. Fadar ma sai da na ƙaurace mata.

Mai kabu-kabu, Tawa: Yaya, na duba. Akwai fari-fari a wurin, kamar fatar ta yamutse. CSI, ƙaramar likitar unguwa, zan fara zuwa ko babbar likita?

Ma'aikaciyar jinya, Yamai: Fara da CSI gobe da safe, su za su tura ka wurin likitan haƙori. Kada ka sa ta yau da dare.