Fokas yana kuɓuce min idan ina bin mutum da kamara, kuma ni kaɗai nake aiki

Mai_Gimbal:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar ɗauka, don Allah a taimaka min da shawara. Ni kaɗai nake aiki ba ni da mataimaki, ni ne a kan kamara ni ne a kan sauti. In kamara tana kan standa lafiya lau, amma da na ɗora ta kan gimbal, wato abin riƙe kamara da ke hana hoto girgiza, na fara bin mutum sai fokas ya hau yawo, yanzu yana kan fuska anjima ya koma bango. Kamarar ful firem ce, wato mai babban sensa, lens 50mm, ina buɗe ƙofar haskensa sosai har f/1.8 don ina son bayan hoton ya narke. A ɗan sikirin ɗin kamara komai tas nake gani, sai na zuba a kwamfuta in tarar idon mutumin dishi-dishi. Wancan satin sau 7 na maimaita shot ɗaya babu wanda ya tsira, wallahi abin ya dame ni. Motar fokas, wato ɗan injin da ke juya fokas ɗin lens, zan saya ko kamarar ce ta gaza?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kada ka sayi komai tukuna, kamararka ba ta da laifi, f/1.8 ɗin nan ne yake wahalar da kai. Da 50mm a f/1.8, in mutum yana mita 2 daga gare ka, gaba ɗaya wurin da zai fito tas bai wuce santimita 17 ba, ko tsawon tafin hannu da kyar, to mutum yana tafiya kai ma kana tafiya ta yaya za ku zauna cikin wannan ɗan tsakani? A manyan wuraren ɗaukar fim fa mutum guda ake warewa ba shi da wani aiki sai juya fokas, kai kuma kana so ka haɗa aikinsa da naka hannuwanka biyu suna riƙe da gimbal.

Ka sa lens 35mm ka tsuke ƙofar hasken zuwa f/4, a wannan mita 2 ɗin za ka samu kusan santimita 80 na wasa. In 24mm ne a f/8 ka ajiye fokas wajen mita 2 da rabi, daga mita 1 da 'yan kai har iya ganinka duk tas ne.

Sai babban abin, wanda ni shi na fi dogara da shi: ka mayar da fokas manuwal, ka auna tazarar da ke tsakaninku kafin ka danna rikodin, sannan ka riƙe tazarar nan da ƙafarka. Ya yi taku ka yi taku, ya tsaya ka tsaya. Ni girman kansa nake kallo a sikirin, in kan ya fara girma na matso da yawa kenan, in ya ƙanƙance ya tsere min. Inda zai tsaya kuma na liƙa tef a ƙasa, nawa daban nasa daban, mu gwada sau 2 ko 3 kafin ɗaukar gaske.

Hajiya_Edita:
Maganar malam gaskiya ce amma ni ban yarda a yar da otofokas ba, ba kullum ake samun wanda zai tsaya a gwada da shi ba. Ka shiga menu ka duba abu biyu, saurin sauya fokas da kuma saurin sakin wanda yake bi, ka rage duka, musamman na biyun, shi ne yake sa da wani ya gifta ta gabanka sai kamara ta bi shi. Ka kunna bin fuska ko ido, ka taɓa mutumin a sikirin ya maƙale masa, kada ka bar ta ta zaɓa da kanta. Ka kuma binciki irin otofokas ɗin kamararka, Canon tun kamararsu 70D a 2013 suke da Dual Pixel, wato otofokas mai auna tazara kai tsaye, Panasonic kuwa sai S5 II a 2023 suka shigo da mai auna tazara kai tsaye, tsofaffin nasu bambancin haske da duhu suke lalube shi ya sa za ka ga bayan hoton yana ɗan numfashi. Kuma ka nemi monita ko mai inci 5 ce, ka kunna jan layin nan da ke zagaye abin da ya kama fokas.

Mai_Gimbal:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu na gwada f/4 a cikin ɗaki hoton ya yi duhu sosai, ya zan yi? In rage saurin shota ne, wato kowane firem ya daɗe yana ɗaukar haske?

Tsohon_Hannu:
A'a kada ka taɓa shota, in firem 25 kake ɗauka ka bar ta a 1/50, in ka sauko ƙasa da haka motsin kansa zai shafe hoton ka ɗauka fokas ne ya gudu alhali ba shi ba ne. Daga f/1.8 zuwa f/4 hasken da ke shiga ya ragu kusan ninki 5, to ko ka ƙara fitila ko ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kamara, kuma ni na gwammace ɗan yashi-yashin ISO a kan fuskar da ba ta fito ba, don shi ana rage shi wajen editin, fokas kuwa in ya tafi ya tafi. Motar da ka tambaya tana da amfani ranar da mutum zai taho daga nesa har gabanka, amma ka tabbata lens ɗinka yana da saitin da juyi ɗaya kullum tazara ɗaya yake bayarwa, da yawa daga na zamani saurin juyawarka suke bi, sai alamar fokas da ka yi ta tashi a banza.