Abin da aka tsayar kan suna da asusu kafin girka SQL Server

A wata tattaunawa kan girka SQL Server, manhajar sarrafa rumbun bayanai, bakin masu tattaunawar ya zo ɗaya kan suna: a raɗa wa kwamfutar sunanta na dindindin tun kafin girkawa, kada ya wuce haruffa 15. Sauya shi daga baya yana yiwuwa, amma sai an bi da umarnin sp_dropserver da sp_addserver a cikin SQL Server, ciwon kai ne kawai.

Maganar asusun shiga kwamfuta da SQL Server zai yi aiki da shi ce ta ja gardama. Wasu sun ce a ba shi cikakken ikon mai gudanarwa a huta. Yawanci sun ƙi, kuma da gaskiyarsu: duk wanda ya kutsa rumbun bayanan ya gaji wannan ikon. A ware asusu mai ƙaramin izini, manhajar girkawa za ta ƙara masa abin da yake buƙata. Sauya asusun kuwa, ta Configuration Manager, manhajar saitunan SQL Server, ake yi, don izinin ya bi shi.