Masu shago da kwastoman da ke shigowa da bindiga a fili a Amurka

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi jiya. Matsalar dai ita ce wani kwastoma ya shigo da bindiga a ƙugu yace doka ta bashi dama, wata uwa kuma ta ja yaranta ta fita tace ba zata ƙara dawowa ba, to mai shago wa zai bi?

Yawancin waɗanda muka yi hirar da su sun ce a yi irin na kamfanin shagunan kofi na Starbucks a 2013, roƙo suka yi kar a shigo da ita amma basu haramta ba, kamfanin manyan shaguna na Target ma haka a 2014, sai takwarorinsa Walmart da Kroger suka roƙi a daina shigowa da ita a fili a 2019 bayan harbin da aka yi a wani shagon Walmart a garin El Paso. Dalili kuwa kar a sa ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya tunkari mutum mai bindiga, wallahi wannan ne yafi damuna, manaja ya kamata yayi magana cikin ladabi, in abu ya gagara a kira 'yan sanda.

Wasu sun ce roƙo kawai baya isa, a duba dokar jiha tukuna, kamar Texas akwai allon gargaɗi na sashe na 30.07 na dokar jihar da ake kafawa a ƙofa in ana so hana masu lasisi shigowa da bindiga a fili ya zama na doka.