Shawarwarin zaman Sabon Gari kan cinikin ƙetare

Matasa da dattawan 'yan kasuwa sun zauna a Sabon Garin Zariya, an kuma fi daɗewa kan batun rufe iyakokin tudu na Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Matasa suka ce manyan Alhazai na da jarin jure asara, amma mai buhu goma na wake, shingayen hanyar Jibiya zuwa Maraɗi kaɗai sun isa su karya shi. Ni dai na ga gaskiyarsu.

An ba ƙananan 'yan kasuwa shawarar su haɗa kaya a mota ɗaya, su biya kuɗin fito a hukumance, su adana rasit. Dattawa kuma su riƙa gabatar da yaran shagonsu ga abokan cinikinsu na Nijar, musamman tunda ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.