Neman shawara: gwada aikin cron ba tare da goge lissafin maigida ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ni nake kula da kwamfutar wani shagon sari kusa da babbar kasuwar Maradi, mai ɗauke da Ubuntu. Na tsara wani rubutun umarni da zai kwafi fayil ɗin bashi zuwa wani faifai da ƙarfe 2 na dare, sannan ya goge kwafin da ya wuce kwana 30. Idan na kunna shi da hannuna yana tafiya lafiya lau, amma da na miƙa wa cron, wato manhajar da ke kunna ayyuka da kanta a lokacin da aka tsara, na wayi gari babu sabon kwafi. Bashin abokan ciniki ne tun daga Ɗan Isa har Tasawa, shi ya sa gabana yake faɗuwa duk lokacin da na tuna akwai umarnin gogewa a ciki. Yaya zan gwada shi cikin aminci?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Cron ba ya karanta saitunan da kake samu idan ka shiga da kanka. Da /bin/sh yake aiki, kuma galibi /usr/bin da /bin kaɗai ya sani. Saboda haka ka rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil, ka gwada da env -i domin ka ga abin da shi yake gani. Amma gogewar ta fi damuna. Ka buɗe folda ta gwaji, ka zuba fayilolin banza, ka tsofar da wasu da touch -d, sannan ka sa -print a gurbin -delete cikin umarnin find, ka karanta sunayen da ya fitar ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai cd, umarnin sauya folda, kafin gogewar, ka tabbatar rubutun yana tsayawa in ya gaza, domin in ba haka ba zai yi shara a inda ba ka aike shi ba.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, kada ka jira dare. Taurari biyar (* * * * *) a farkon layin crontab, wato jadawalin ayyukan cron, za su sa aikin ya gudana kowane minti, ka ƙara >> gwaji.log 2>&1 a ƙarshe don kurakurai su rubutu. Kafin komai ka adana abin da crontab -l ya nuna, domin da crontab -e ake gyara jadawalin, e da r kuwa maƙwabta ne a allon rubutu, kuma crontab -r ba ya tambaya kafin ya share.

Amsa ta uku:
Ka duba agogon kwamfutar da timedatectl. Idan agogon yana kan UTC, ƙarfe 2 nasa ƙarfe 3 ne a Maradi. Kuma in wuta ta ɗauke a lokacin, cron ba ya ramawa, sai anacron, manhajar da ke gudanar da aikin da aka tsallake idan kwamfutar ta dawo.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Fayil ɗin gwajin ya nuna faifan ba ya haɗuwa da tsarin kwamfutar sai na shiga da sunana, shi ya sa da dare babu inda za a kwafa. Zan saka shi a /etc/fstab gobe, wato fayil ɗin faifan da ke haɗuwa tun daga kunna kwamfuta, gogewar kuma tana nan a -print har mako ya zagayo.