Ɗiyata ta daina barcin dare tun da na haihu, don Allah ku ba ni shawara

Maman Biyu:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Abin nan ya fara fin ƙarfina, shi ya sa na kawo shi gabanku. Ina da yarinya mai shekara 2 da wata 7, sai ƙaninta ɗan wata 4. Kafin in haihu, ƙarfe 8 na dare ta yi barci sai safiya. Yanzu kuwa sai 11 ta gota idonta biyu, tana tsalle a kan gado. Ba ta barci sai na ba ta madara a fida, na kwanta kusa da ita tana riƙe da ɗan yatsana. Da na zame jikina, ba a awa biyu ta farka da kuka, wani daren sau 3 ko 4, kukanta kuma ya tashi jaririn. Da rana nakan bar ta ta yi barci daga ƙarfe 3 har 6 na yamma, don lokacin ne kaɗai nake samun sararawa. Da daddare in ina shayarwa sai in miƙa mata waya ta kalli katun. Sau biyu kuma ta taɓa farkawa da wani irin ihu, idonta a buɗe amma kamar ba ta san ni ba, na ɗauke ta tana ture ni. Wata ta ce in riƙa ba ta maganin mura mai sa barci. Ban ba ta ba tukuna. Ya zan yi?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Maganar magani na fara ɗauka: kada ki ba ta. Irin waɗannan magunguna ba don barci aka yi su ba, suna iya danne numfashin ƙaramin yaro in awon ya wuce, wasu yaran ma maimakon barci sai su ƙara birkicewa. Kuma ko ya sa ta barci yau, abin da ke tashinta yana nan bai gyaru ba.

Yanzu mu yi lissafi da abin da kika faɗa da bakinki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana. Mai shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Mu ce ɗiyarki na bukatar 12. Ta ci awa 3 da yamma, saura 9. Sannan yaro mai shekarunta yakan yi awa 5 zuwa 6 a farke bayan barcin rana kafin wani barcin ya kama shi da gaske. Ta tashi ƙarfe 6, ki ƙara 5, kin ga 11 ke nan. Ba taurin kai take yi ba, barcin ne bai zo ba.

Gyaran daga safiya yake farawa. Ki tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, misali ƙarfe 7, ki tashe ta ko da daren ya yi muni, ki buɗe labule haske ya shigo, don hasken safe ne ke saita agogon jiki. Barcin rana ki riƙa jawo shi baya da minti 30 duk bayan kwana 2, har ya dawo kusan ƙarfe 1, kuma kada ya wuce awa 2. Ƙarfe 3 na yi ki tashe ta. Za ta yi rigima ta kamar minti 15, ki rungume ta, ki fita da ita waje, zai wuce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce daga yau ƙarfe 8 za a kwanta. Sai a kwashe awa 3 ana dambe a kan gado, yarinya ta koyi cewa gado wurin faɗa ne. Ki fara kwantar da ita a lokacin da barci ke ɗaukarta yanzu, kusan 11. In kwana 2 ko 3 a jere ta yi barci cikin minti 20, ki jawo baya da minti 15. Haka za ki yi ta ja har ku iso 8 ko 8:30. Zai ci makonni, amma ba kuka a ciki sosai.

Malamar Raino:

Abin da Anti ta faɗa shi ne tushe. Ni farkawar nan sau 3 ko 4 zan yi magana a kai, don dalilinta daban ne.

Babu mutumin da ke barci a miƙe daga dare har safe. Barci zagaye-zagaye yake zuwa, mai nauyi sannan mara nauyi, a ƙarshen kowane zagaye mutum yakan ɗan farka, ya juya, ya koma, da safe bai ma tuna ba. Yaro ma haka. Bambancin kawai shi ne in ya ɗan farka yakan duba ko abin da ya yi barci da shi yana nan. Ɗiyarki ta rufe ido da fida a baki, yatsanki a hannunta. Ƙarfe 1 na dare hannun ya laluba bai ji komai ba, bakin ma wayam. Dole ta farka gaba ɗaya ta kira ki, don ba ta san wata hanyar komawa barci ba. Aikin da ke gabanki shi ne ta koyi yin barci cikin yanayin da za ta tarar in ta farka da tsakar dare.

Fara da madara. Ki ɗauke ta daga ƙarshen shirin barci ki mayar da ita farko, a kofi, a zaune, a wajen ɗakin kwana, sannan a goge haƙora da man goge baki ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Madarar da ke kwana a baki ita ke cinye haƙoran gaba na sama, saboda yawu na raguwa lokacin barci, babu abin da zai wanke sukarin. In tana shan fida da tsakar dare, kada ki yanke lokaci ɗaya: ki rage mililita 30 duk bayan dare 2, in ya kai ƙasa da 60 ki maye da ruwa a kofi. Lafiyayyen yaro mai shekara 2 da ke cin abinci da rana ba ya bukatar ci da daddare. Sau da yawa ma madarar daren ce ke hana shi cin na rana.

Shirin barci ya zama minti 20 zuwa 30, abu 3 ko 4, a jere iri ɗaya kullum: wanka ko shafa ruwa, kayan barci, goge baki, labari ɗaya ko waƙa ɗaya, sai a rage haske. Ki ba ta wani abu mai laushi da za ta riƙe a madadin yatsanki, 'yar tsana ko ƙaramin mayafi mai ƙamshin jikinki.

Sai janye jiki a hankali. Dare 3 na farko ki zauna a bakin gado maimakon kwanciya, hannunki a bayanta. Dare 3 na gaba ki zauna a kujera kusa da gadon, ba taɓawa sai in ta tashi. Daga nan tsakiyar ɗaki, daga nan bakin ƙofa. In ta sauko, ki mayar da ita da magana ɗaya tak, "lokacin barci ne, ina nan," ba faɗa, ba hira, ba kunna fitila. Da tsakar dare ma abin da kika yi a farkon dare shi za ki maimaita.

Ga inda yawanci ake faɗuwa: a 'yan kwanakin farko kukan yakan ƙaru kafin ya ragu, don tana gwada ko tsohuwar hanya na aiki. In ta yi kukan minti 30 sannan kika kawo fida, abin da ta koya shi ne minti 30 ake yi kafin a samu. Gobe za ta yi 40. In kin san yau ba ki da ƙarfin jurewa, gara ki kwanta da ita tun farko da ki fara ki janye a tsakiya.

Baban Yara:

Maman Biyu, sannu da ƙoƙari. Wayar nan ki ɗauke ta aƙalla awa 1 kafin kwanciya. Hasken fuskar waya yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki dare ya yi, katun kuma yana ƙara zaburar da ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da Anti ta ambata ta ce mai shekara 2 kada kallonsa ya wuce awa 1 a yini, kuma ya samu motsa jiki na minti 180 a warwatse cikin yini. Ki tanadi kwando ɗaya na kayan wasa marasa ƙara wanda ba ya fitowa sai lokacin shayarwa. Ki kuma duba ko tana kurɓar shayi ko lemon kwalba mai kafeyin, sinadarin da ke hana barci, da yamma.

Sannan wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. In mahaifinta yana gida da dare, shi ya karɓi kwantar da ita da kuma farkawar farko, ke ki ji da jariri. Yara sukan fi saurin haƙura da wanda ba su saba karɓar fida a hannunsa ba.

Hajiya Babba:

'Yata, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma kada ki kwashe su duka ki zuba wa yarinya a mako ɗaya. Wata 4 ke nan da aka raba ta da cinyar uwarta. Riƙon yatsan nan ba iskanci ba ne, dare ne kaɗai lokacin da take samunki ita kaɗai. In kika ɗauke fida, kika ɗauke waya, kika ɗauke jikinki rana guda, ba ki ba ta komai a madadi ba, za ta ƙara maƙale miki.

Ki fara da gyaran lokaci da waya, mako guda. Mako na biyu madara. Na uku janye jiki. Kuma kullum ki ware mata minti 15 da rana, jariri na hannun wani ko yana barci, waya a ajiye, ita za ta zaɓi wasan. Ki rage faɗin "ke babba ce yanzu," don 'yar shekara 2 ba babba ba ce. Wani lokaci ki bari ta ji kina ce wa jaririn, "jira kaɗan, ina kula da yayarka." Shi bai san me kika ce ba, ita kuwa ta ji.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi lissafin nan ban taɓa yin sa ba. Anti, ihun nan fa? Shi ya fi tsorata ni. Kuma duk ɗaki ɗaya muke kwana da jaririn, wani lokacin dukanmu a gado ɗaya.

Anti Nas:

Yadda kika kwatanta ya yi kama da firgitar barci. Tana zuwa ne a awa 1 zuwa 3 na farkon dare, lokacin barci mai nauyi. Yaro ya zabura da ihu, gumi, zuciya na bugawa, ido a buɗe amma barci yake, bayan 'yan mintuna ya koma ya kwanta, da safe bai san an yi ba. Mugun mafarki kuwa ya fi zuwa can gefen asuba, yaro ya farka sarai, ya gane ki, ya nemi ki rungume shi. A mafarki ki lallashe ta. A firgita kada ki girgiza ta ko ki yi ƙoƙarin tashinta, hakan yana tsawaita abin. Ki zauna kusa, ki kare ta daga faɗowa ko bugewa, ki jira. Ƙarancin barci da rikicewar lokaci da zazzaɓi ne suka fi kawo ta, don haka gyaran lokacin yakan rage ta. In tana zuwa kusan lokaci ɗaya kowane dare, ki ɗan motsa ta minti 15 kafin lokacin, har ta juya ko ta yi ƙunƙuni, ki yi haka na mako guda.

Amma ki kai ta asibiti in kin ga jiki na sanƙarewa ko yana jijjiga, ido na juyewa, ko abin na faruwa sau da yawa a dare ɗaya. In da hali ki ɗauki bidiyo ki nuna wa likita. Haka in tana minshari kusan kullum, tana barci baki buɗe, ko numfashi na ɗan tsayawa sannan ta ja da ƙarfi, don kumburin tsokar maƙogwaro da ta bayan hanci na yanka barcin yara. Ki duba ko tana sosa duburarta da dare: ƙananan tsutsotsi farare kamar zare suna fitowa su yi ƙwai da daddare, za ki iya ganinsu da tocila awa 2 zuwa 3 bayan ta yi barci, kuma in su ne, yawanci duk gida ake yi wa magani bisa shawarar likita. Ki leƙa can ƙarshen bakinta, turame na biyu a shekarunta suke fitowa. Jan kunne da zazzaɓi ma a duba.

Maganar gado kuwa ki gyara tun daren yau. Ɗan wata 4 kada ya kwana kusa da yayarsa, don tana iya birgimowa kansa ba ta sani ba. Ya samu nasa wurin kusa da gadonki, katifa mai tauri a shimfiɗe, a kwantar da shi rigingine, babu filo, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana. In barci na fizgarki kina shayarwa, kada ya zama a kan kujera mai laushi, nan ya fi haɗari.

Maman Biyu:

To, in na jawo barcin ranar ta ƙi yi sam fa?

Malamar Raino:

Ki bar ta a kwance ɗaki da duhu-duhu na minti 45. In bai zo ba ki tashe ta ku ci gaba da harkokinku, amma kada ki bari ta ɓingire ƙarfe 5, ko a bayanki ko a mota. Ranar ki kwantar da ita awa 1 kafin lokacin da kuka saba. Ki samu takarda ki riƙa rubuta abu 4 kullum: lokacin tashi, barcin rana, lokacin da ta yi barcin dare, da sau nawa ta farka. Bayan kwana 14 ki turo mana mu ga inda za a ƙara matsawa.